Dashen koniya ga mai keratokonas: wanne za ka ce a yi maka?

In likita ya ce keratokonas ɗinka, ciwon nan na koniyar ido, ya kai a yi dashe, kar ka fara da tambayar kuɗi, fara da tambayar wane irin dashe ne, don ba ɗaya ba ne kuma wasu sai bayan an gama aiki suke sani.

Koniya ita ce fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, kaurinta wajen rabin milimita ne kawai. A wannan ciwon sai ta sirance ta turo gaba kamar mazurari, gani ya hargitse. Amma shimfiɗar can ciki, endoteliyam, wacce ke zuƙe ruwa don koniya ta zauna garau, yawanci lafiyarta ƙalau, kuma ƙwayoyinta in sun mutu ba sa sake tsirowa. To don me za a yanke a yar da abin da bai lalace ba?

Shi ya sa ni DALK nake so, wato a ɗauke saman da tsakiyar kawai a bar maka shimfiɗarka ta ciki, kuma a cikin DALK ɗin ma salon babban kumfa, wanda Dakta Anwar da Dakta Teichmann suka fitar a 2002 suna aiki a Jidda. Likita zai zura siririyar allura cikin naman koniya ya hura iska, iskar ta yi kumfa ta raba naman da 'yar fatar Desme ta ƙasa, wadda endoteliyam ke manne a jikinta, sai a cire naman duka a ɗora na koniyar gudummawa, wato ta wani da ya rasu, a ɗinke. Tunda endoteliyam ɗin naka ne jikinka ba zai ƙi shi ba, kuma wannan ƙin shi ne mafi haɗari a dashe. Ba a buɗe cikin ido gaba ɗaya ba, ba za ka daɗe kana ɗiga siteroid, maganin hana jiki ƙin dashe, kamar mai cikakken dashe da aka sauya masa duk kaurin koniya ba, sannan ko koniyar gudummawar da endoteliyam ɗinta ya yi rauni za ta yi aiki, abin da ke da muhimmanci a wurinmu da samun koniya yake wahala. Aibinsa shi ne yana son ƙwararren hannu, fatar ƙasan kan iya fashewa ana tsaka da aiki dole a koma cikakken dashe, kuma wanda koniyarsa ta taɓa kumbura da ruwa ta bar tabo mai zurfi da wuya kumfar ta yi masa.

Wani salon DALK ɗin, na Dakta Melles na 1999, da ake feɗe naman da hannu kaɗan-kaɗan, ya fi dacewa da mai tabo amma in an bar saura gani ba ya washewa sosai. Na leza kuwa tsadarsa ta fi amfaninsa a ganina. Cikakken dashe, PK, tun 1905 ake yi kuma gani yana kyau, sai dai ƙanena shi aka yi wa, ido ya yi ja muna gida likitan yana wata ƙasa, wallahi ba na fatan kowa ya ga wannan tashin hankalin.

Kafin ma a kai ga wuƙa ka tambayi kuros-linkin, aikin ƙarfafa koniya da ɗigon magani da haske, mai tsayar da ciwon in koniya ba ta sirance da yawa ba, da lens mai tauri da ake manna wa a kan ido. Kuma a hana yara murza ido, kaikayin idon nan na ƙura yana ƙara ingiza ciwon.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Dillalan kai marasa lafiya Indiya da Masar, ba duka ba amma da yawa, za su ce maka "dashen leza ne babu ɗinki", ƙarya ne, DALK da PK duk ana ɗinkewa kuma zaren yakan kai shekara ko fiye a ido. Wani zai karɓi kuɗin DALK a yi maka PK ba wanda zai faɗa maka, don haka kar ka bar asibiti sai da rahoton tiyata a rubuce, wane aiki aka yi, ɗinki nawa. Ka nemi takardar bankin ido da koniyar ta fito, mai nuna an gwada mai gudummawar daga HIV da ciwon hanta. Ka tambayi likitan da bakinka, ba ta bakin dillali ba, DALK nawa yake yi kuma sau nawa yake komawa PK, likitan kirki ba zai ji haushi ba. Masu tallar maganin ɗigawa a Facebook da TikTok wai yana daidaita koniya ba tiyata, babu ɗigon da ke mayar da ita yadda take. Mai sakiya kuwa kar ma ya kusanci idon. Haka siteroid ɗin kemis da ake ɗigawa ba lissafi, yana ɗaga matsin ido ya kawo gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar gani, kana zaune ba ka sani ba.

Kuma tun kafin ka sayi tikiti ka samu likitan da zai riƙa duba ka a gida, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko wani asibitin ido kusa da kai, wanda zai cire zare ya auna matsi. Ido ya yi ja, ko ciwo, ko ba ka son haske, ko gani ya ragu, ranar za ka je, ba gobe ba.