Kabul mai naɗi na tirela a kan hitilun motar pompiye: ra'ayina bayan na yi aiki da shi

Jama'a masu aikin wayar mota, wanda duk aka kawo ma motar kashe gobara kabul ɗin hitilunta na sama ya mutu, ina nuhin wanga mai naɗi kamar wayar talho ta da, wanda ke zagaye da sandar da ake turawa sama don haska wurin gobara, to kar ya wahal da kanshi neman orijinal a Maradi. Na duba babbar kasuwa da shagunan piyas, na sa an tambaya mani Ƙofar Ruwa a Kano da Katako a Yamai, amsa guda ce, sai an yi komand daga Faransa. Motar ko tsohuwar Renault ce mai 24 volt, ta wani kamfani, kuma ba mota ce da za a ajiye wata da watanni ana jiran kaya ba, gobara ba ta sanarwa.

Abin da na saka shi ne kabul mai naɗi na tirela, wanda ke tsakanin kan kamyo da rimork, mai waya 7 a ciki. Shi kam akwai shi garin nan saboda manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Kuma wallahi na ji daɗinshi, amma ba kowanne ba, nan ne maganar take.

Iri biyu na tarar. Akwai mai arha mai rigar PVC, wato robar da aka saba gani kan wayar wuta, in ka ja shi ka saki sai ya koma a kasalance, ka san zahin watan Afrilu da Mayu na nan da ke wuce digiri 40 bai barin irin wannan roba, za ta saki ta yi lagwaf ta riƙa maƙalewa a gindin sanda lokacin saukowa, kuma haka tsohon kabul ɗin ya tsage tun hwarko. Sannan na ce ma mai shago, Alhaji ka yi haƙuri bari in kankare bakin waya guda, na kankare da wuƙa sai ga hwari a ciki, alminiyom ne aka shafa ma jan ƙarhe a sama. In ka sa mashi wutar birike lanƙwashewa yake nan take. Wannan ko kyauta aka ba ni ban sa ma motar da rayukan mutane ke rataye da ita. Na biyun mai rigar PUR ne, wata irin roba da ake ce ma poliyuretan, kuɗɗinshi ya kusa ninka na hwarko, jan ƙarhe ne har ciki, roba mai tauri da ba ta jin gazuwal ko mai, ka ja shi har mita 4 ka saki ya koma yadda yake. Shi na ɗauka.

Ga lissahin da nike so yara masu koyo su riƙe. Hitilu biyu ne na LED, kowace wat 150, wat 300 ke nan, a raba da 24 ya ba ka ampar 12 da rabi. Waya guda cikin 7 ɗin, mai kaurin 1,5 mm², ba ta isa ba, don wayar da ke cikin naɗin ta hi tsawon da ido ke gani nesa ba kusa ba, kuma kuran zuwa yake ya dawo, sai ka ga hitila ta dushe kabul na ɗumi. Shi ya sa na haɗa wayoyi uku suka zama pulus mai kai kuran, hwarar waya mai kauri da ke cikin kabul ɗin da sauran suka zama mas mai maido shi, na sa fuzibil na ampar 20 kusa da batir. Mun kunna da dare a gareji an tura sanda har ƙarshe, haske tangaran, na taɓa kabul bayan ya jima yana aiki ba zahi.

Inda bai gamsar da ni ba, yana da nauyi, dole na kama shi da kolye, wato maɗauri, sama da ƙasa don kar nauyin ya koma kan kos ɗin hitila, wato bakin da waya ke haɗuwa da ita. Kuma sai ka yanke kawunan nan biyu na tirela, da ka yanke ko babu zancen maidawa shago, don haka ka auna kaurin sandarka da ramin naɗin tun kana wurin. Jelar da ke miƙe a bakinshi ma gajera ce, sai da na ƙara ƙaramin akwatin haɗi mai hana ruwa, don wurin gobara komi jiƙewa yake.

Abu guda da nike roƙo, don Allah kar wani ya ɗauki wanga kabul ya sa ma hitilun halojan na 220 volt da ke aiki da gurup, wato injin bada wuta. Na 24 volt ne, ba a yi shi don babban kuran ba, kuma mutanen da ke taɓa sandar nan hannunsu a jiƙe yake, ƙahwahunsu cikin ruwa. In irin wannan motar ce gabanka, ko dai a jira kabul mai rubutun H07BQ-F a jikinshi mai wayar ter da ke kare mutum daga jan kuran, ko a canza hitilun zuwa LED na 24 sannan a yi yadda na yi.

Direban motar ya biyo ta gareji bayan damina da ƙurar hunturun nan, na hau na duba da kaina, naɗin na nan da ƙarhinshi, babu tsaga ko guda, kolye ɗaya ne rana ta cinye na canza mashi.