Awon tansiyo a Maraɗi: wace na'ura za ka saya, wane awo ne ya cancanci kuɗinka?

Tun ranar da yayana ya faɗi a shagonsa bayan la'asar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, abokansa na kasuwa suke tare ni da tambaya ɗaya: wace na'urar awon tansiyo, wato hawan jini, za su saya? Mutum ne mai shekara 52, ga ƙarfi, bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Da aka auna shi, jininsa ya haura 19, wato 190 a lissafin na'ura. Ba a ranar ya hau ba. Shekaru ya yi yana hawa, ba wanda ya duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna ɗauke da shi ba, kuma cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kisa a duniya, kimanin mutum miliyan 17.9 a 2019. Mu maza ciwon zuciya ya fi riskar mu da wuri, kuma mu ne ba ma zuwa awo. Mace ko don awon ciki an ɗaura mata na'ura, amma namiji sai ya kai hamsin ba a taɓa matsa masa damtse ba.

Kafin maganar kuɗi, a fahimci lambobin, don a nan ake ruɗewa. Likitocinmu na Nijar cewa suke yi 12/8 ko 14/9, ita kuwa na'ura 120/80 ko 140/90 za ta nuna maka. Abu ɗaya ne, sifili kawai aka cire. Idan a gidan likita aka same ka da 14/9 ko fiye a ranaku biyu mabambanta, hawan jini ke nan. A gida, inda hankalinka yake kwance, iyakar ta ɗan sauko zuwa 135/85.

Zaɓi na farko shi ne kada ka sayi komai. Idan kai matashi ne, ba ka da ƙiba, ba ka shan taba, iyayenka ba su da tansiyo ko ciwon suga, ka je CSI, wato ƙaramin gidan likita na unguwarku, ko farmasin da ke yin awo, aƙalla sau ɗaya a shekara, ka rubuta abin da aka samu. Ya ishe ka. Aibin wannan hanya shi ne yanayin da muke isa wurin: ka sauko daga kabu-kabu cikin ranar watan Afrilu, da goro a baki, a ɗaura maka nan take. Ka nemi a bar ka ka zauna minti 5 tukuna. Akwai kuma waɗanda ganin farar riga kaɗai kan ɗaga masu jini.

Wanda ya ba arba'in baya, ko aka taɓa ce masa jininsa ya hau, ko yake da tsofaffi a gida, shi ne ya dace ya mallaki tasa. A nan ba ni da wani kokwanto: ka sayi mai batir wadda ake ɗaurawa a damtse, sama da gwiwar hannu. Ita likitoci suka fi amincewa da ita don amfanin gida. Ta wuyan hannu ta fi sauƙin ɗauka, masu tafiya Katsina da Kano suna son ta don tana shiga aljihun riga, amma da hannu ya ɗan yi sama ko ƙasa da saitin zuciya sai lambar ta kauce. Mai famfon roba da agogo, wadda ake haɗawa da abin sauraro a kunne, aikin wanda ya koya ce, kuma da wuya mutum ya auna kansa da ita daidai. Agogon hannu na zamani da manhajar waya da ke cewa ka ɗora yatsa, kada ka jingina lafiyarka a kansu.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne ɗamarar da ke naɗe hannun. Wadda aka saba haɗowa da na'ura ta damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 32 ce. Yawancin alhazanmu masu jiki sun wuce nan, kuma ɗamarar da ta yi wa mutum kaɗan kan nuna lamba sama da gaskiya, a tayar masa da hankali a banza. Ka karɓi tef wurin telanka, ka auna tsakiyar damtsenka kafin ka fita. Idan ka haura 32, ka nemi babba mai kaiwa 42. Tunda tef ɗin na hannunka, ka zagaya shi a cikinka wajen saitin cibiya: namijin da ya wuce santimita 94 ya fara shiga haɗari, a 102 kuwa abin ya yi nisa.

Ina za a saya? Sunaye irin su Omron da Microlife sanannu ne, saboda haka ne ma ake yin jabunsu. Na fi son farmasi ko shagon kayan asibiti da zai ba ka takardar saye, ko da ya ɗara na mai yawo da kaya tsada, domin araha ba ta ado. Na'ura mai kyau ba ta kai kuɗin shaddar salla mai daraja ba, kuma gida ɗaya kowa zai amfana. Ka zaɓi mai cin batir irin na tocila ko rediyo da ake samu a kowane tebur, mai manyan lambobi, mai ajiye awon baya. Bayan ka saya, ka kai ta gidan likita a auna ka da tasu da taka a zama ɗaya. Idan tazarar ta wuce 10, wato 1 a lissafin likitocinmu, ka mayar.

Na'urar awon suga daban take. Ita kanta ba ta da tsada sosai, ƴan tsinkayen da ake ɗiga jini a kai su ne ke cin kuɗi. Kowace na'ura da irin nata, suna da wa'adi, kuma zafi irin namu yana lalata su. Idan ba a tabbatar maka da ciwon suga ba, kada ka saya. Ka kai wannan kuɗin ɗakin gwajin jini na asibiti, da safe ba ka ci komai ba, a duba maka suga da kitsen cikin jini, wato kolestarol, da aikin ƙoda. Sugan da ya kai giram 1.26 a litar jini (1.26 g/L) yana bukatar a maimaita awo, a ga likita. Shi kitsen jini ba ya ciwo, ba a gane shi a fuska, siriri ma yana iya samun sa. Awon bugun zuciya na takarda mai zane-zane, likita ne zai ce ko kana bukata. Masu zuwa da kwamfuta su ce ka riƙe wani ƙarfe ta duba jikinka gaba ɗaya, sannan su fito da kwalaben magani na sayarwa, don Allah ka riƙe kuɗinka.

In na'urar ta shigo gida, a yi awon da ƙa'ida. Ba shayi, ba goro, ba taba na minti 30 kafin awo. Ka yi fitsari, ka zauna kan kujera ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa, hannu kan tebur daidai ƙirji, bakinka shiru. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da dare, kwana 7, ka rubuta a ɗan littafi. Wannan littafin za ka kai wa likita, shi zai yanke maganar magani. Idan aka ɗora ka a kai, kada ka daina don ka ga lamba ta sauko, maganin ne ya saukar da ita. Ka kuma yi magana da uwargida kan gishiri da dunƙulen magi: giram 5 na gishiri a yini, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, har da wanda ke cikin yajin tsire da kilishi. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, bayan asuba kafin rana ta yi zafi, tana rage hawan jini sosai.

Idan kuwa na'ura ta nuna 180/120 ko fiye, ko aka ji nauyi a ƙirji yana gangarowa hannun hagu da gumi, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, kada a tsaya jiƙa wani abu ko jiran gari ya waye. A ɗauki mutum zuwa babban asibiti a lokacin.