Kayan da na ɗora wa DragStar ɗina, da waɗanda na cire da hannuna

Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da na sayi babur Yamaha DragStar 650 na gwanjo, aka ɗoro min shi a bayan mota daga Legas zuwa nan Katsina. Duk inda na faka, a Ƙofar Ƙaura ne ko bakin masallacin Juma'a, sai matasa sun kewaye shi suna tambaya ko Harley ne, babur ɗin nan na Amurka. Ba Harley ba ne, ɗan Japan ne. Injinsa silinda biyu ne masu siffar V, cc 649, iska ke sanyaya shi, giya biyar, tanki lita 16. Abin da na fi so a jikinsa shi ne ba shi da sarƙa, shaf, wato sandar ƙarfe, ke juya tayar baya. Wanda ya taɓa wanke sarƙar babur da kananzir a lokacin hunturu ya san darajar wannan.

Lafiyarsa ƙalau ya zo. Ni ne dai zuciya ta raya min sai na ƙara masa ado, don bidiyon da nake kallo na masu irinsa a Amurka.

Salansa na fara saya, wajen wani mai sayar da kaya a intanet, na jira mako biyar. Bututu biyu ne miƙaƙƙu masu ƙyalli, babu komai a cikinsu da zai tare ƙara. Ranar da aka ɗaura, gaskiya na ji daɗi, rugugin har a ƙirji nake jin sa. Kwana uku daɗin ya yi. Da na fito zan tafi aiki bayan sallar asuba, wani dattijo maƙwabcinmu yana zaune kan tabarma da carbinsa, ya yafito ni.

"Ɗana, wannan babur ne ko injin niƙa ka kawo mana unguwa?"

"Ayi haƙuri, Baba, za a gyara."

Tun daga ranar sai na riƙa tura shi da hannu har bakin titi kafin in tayar, babur mai nauyin sama da kilo 200, cikin rairayin lungunmu.

Kunya ce wannan, ana iya jure ta. Abin da bai jurewa shi ne abin da salansar ta yi wa inji. Idan na saki wuta sai ya riƙa harbi kamar bindigar toka, bututun kuma ya fara rinewa shuɗi daga wajen silinda. Makanikena ya zare fulogi ya nuna min, fari fat. Ya ce, "Oga, iska ta yi wa injin nan yawa, mai ya yi kaɗan." Bayaninsa shi ne kamfani ya auna kafireto biyun da ke jikin babur ɗin daidai da salansa da matatar iskar da ya zo da su. Ka buɗe hanyar fitar hayaƙi, dole ka sa jet (ƙananan ƙofofin da mai ke bi a cikin kafireto) masu faɗin rami don mai ya ƙaru, in ba haka ba inji zai riƙa cin zafi. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, a watan Afrilu na Katsina da zafi ke haura digiri 40, ba abin wasa ba ne. Mai sayarwar bai ambaci jet ko da baki ba. Muka nemo, aka canza, harbin ya ragu, shan mai kuma ya ƙaru. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san lita ba ta barin aljihu ya huta.

Matatar iska buɗaɗɗiya da na haɗa da salansar ita ce kuskuren da ya fi ba ni haushi. Kyakkyawa ce, zagayayyiya, tana leƙowa ta gefen inji. An yi ta ne don ƙasar da ake ruwa kusan duk shekara. A watan Janairu na je Daura ɗaurin aure na dawo, hanyar Mashi, wajen kilomita 80 kowace tafiya, hazo ya rufe gari. Da muka cire ta washegari ta koma ja kamar an tsoma ta a kwaɓin jar ƙasa, muka kuma ga ƙura ta wuce har maƙogwaron kafireto. Ƙurar da ta shiga inji goga shi take kamar yashi a tukunya. Allah Ya sa ban jefar da akwatin iskar asali ba, a ranar aka mayar da shi.

Yanzu kayan da na ci ribarsu. Kujera ce kan gaba, kuma ba daga waje ta zo ba. Wani mai ɗinkin kujerun mota ne a nan gari ya yaye tsohuwar fatar, ya ƙara soso mai tauri, ya ɗaga bayanta kaɗan yadda za ta tallafi ƙugu. A irin wannan babur ƙafafu suna miƙe a gaba, duk nauyin mutum a mazauninsa yake, kowane rami kuma kai tsaye yake zuwa gadon baya. Da, kafin in kai Shargalle sai na tsaya na miƙe. Yanzu har Daura ba na sauka. Abin da ya karɓa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin salansa ba.

Gilashin gaba ma ya biya kuɗinsa, yana tare iska daga ƙirji da ƙwarin magariba, sai dai a wanke shi da ruwa, tsumma busasshe yana karce shi. Jakunkunan gefe kuwa baduku ne ya ɗinka min da fatar saniya, abokaina suna kiran su mangala. Ta dama ta ƙone a ƙasa a makon farko, don bututun biyu duk ta wannan gefen suke. Mai walda ya lanƙwasa min ƙarafa biyu da ke ɗaga su, su kuma hana su lilo zuwa cikin taya. Duk mai shirin sa jaka ya fara da ƙarafan.

Ƙananan fitilun LED guda biyu suna haska gefen hanya sosai, inda jakuna da masu keke ke ɓullowa. Yaron da ya fara haɗa su batir ya kai wayar kai tsaye, babu fiyus. Na manta su a kunne dare ɗaya, da safe shiru. An sake haɗawa ta makulli. Wani abin lura, ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa wannan babur kaurinsa inci ɗaya ne, ya fi na Boxer da sauran ƙananan babura, don haka robar hannu da madubin da ake samu a kasuwa ba sa shiga. Robar da na saya ba tare da awo ba tana nan a aljihun tebur.

An ba ni shawarar in rage masa tsawo ya ƙara kwanciya ƙasa. Na ƙi, don a yadda yake ma cikinsa na taɓa tudun rage gudu idan na goya mutum.

Salansar asali ta koma wurinta watan jiya, tare da tsofaffin jet. Mai ƙarar tana rataye a bangon garejin makanikena. Wani saurayi ya zo sau biyu yana tayawa, na ce a faɗa masa maganar jet tukuna, a kuma tambaye shi ko akwai dattawa a layinsu.