Injin naɗe zaren da ya raba ni da tafon

Duk wanda ya sayi injin naɗe zaren nan da ake ta yabo a tsakaninmu masu fatsa a Abuja, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ruwan gishiri ba ya shiga cikinsa, don Allah kada ya kai shi teku sai ya ji yadda nawa ya raba ni da tafon, wani babban kifin teku. A shago na saye shi, kuma farashinsa a wannan marra ba kuɗin da mutum zai zubar ya kau da kai ba ne.

A ruwan daɗi ban taɓa kuka da shi ba. A tafkin Jabi na ja karfasa da tarwaɗa da shi, yana juyawa sumul, ba ƙara, ba nauyi a hannu. Da ƙanena da ke aiki a Miyami ya ce in daidaita hutuna da watan Mayu mu gangara Islamorada a tsibiran kudancin Fulorida, sai da na koma shagon na sake tambaya. Mai shagon ya ce, "Haba Alhaji, ai don teku aka yi shi, ko giwan ruwa ka kama ba zai girgiza ba."

Kamun can ba irin namu ba ne na jefa ƙugiya a zauna jira. Ruwa ne shimfiɗe, wani wurin iya gwiwa, wani iya ƙugu, garau har kana ganin yashi da ciyawar ƙasa. Jagora yana tsaye kan dandamali a bayan ɗan jirgin, ya kashe inji, yana tura ku da doguwar sanda, shi zai hango kifin ya ce maka ga inda za ka jefa. Kifi uku ake nema, bonfish da famit da tafon, kuma daga Afrilu zuwa Yuni ne manyan tafon ke bi ta wurin garke-garke. Shi ya sa jagora a wannan lokacin sai an kama shi tun da watanni, kuɗinsa kuwa ba a magana.

Alamar farko a kan bonfish na gani. Ɗan kifi ne da bai kai tsawon hannu ba, amma da ya ji ƙugiya ya fizgi zare ya zura a guje, sai na ji birkin injin, wato abin da ke daidaita sakin zare, yana saki yana riƙewa, yana saki yana riƙewa. Na dai samu na kawo shi muka sake shi, don tun 2013 dokar Fulorida ta ce bonfish kamawa ake yi a saki. Da yamma na wanke injin da ruwan famfo kamar yadda takardarsa ta ce, na goge, na shanya.

Washegari da sassafe muka tarar da tafon suna juyi a saman ruwa, suna shaƙar iska, don kifi ne mai haɗiyar iska ta baki. Jagoran ya maƙala ƙaguwa mai rai, ya nuna mini wani baƙin layi da ke tahowa. Na jefa, ƙaguwar ta faɗi gabansu daidai. Na ga bakin ya buɗe, na ga zaren ya miƙe. Bakin tafon ƙashi ne zalla, sau da yawa ƙugiya ba ta kama shi, amma wannan ta zauna daram. Sai ya tashi sama gaba ɗayansa, tsawonsa ya kusa nawa, ɓawon jikinsa kowanne ya kai tafin hannun yaro, yana ƙyalli, yana kaɗa kai har ana jin ƙarar kumatunsa. Na sunkuyar da sanda kamar yadda aka koya mini. Ya faɗa ruwa ya zura. A nan ne aikin birki yake: ya riƙa sakin zare a hankali har kifin ya gaji. Nawa ya saki kaɗan, ya yi wata ƙara, ya ƙame ƙam. Sanda ta lanƙwashe, zare ya tsinke. Ƙanena ya ce, "Yaya, me ya faru?" Wallahi ban iya ba shi amsa ba, hannuna rawa yake yi.

A cikin jirgin jagoran ya kwance murfin ya nuna mini. Babu robar da ke tare ruwa ko ɗaya. Faifan birkin na wani laushin ƙyalle ne, ya jiƙe ya kumbura, gishiri ya yi fari a gefensa, tsatsa har ta fara ja a jikin boris. Ya ara mini nasa, amma iska ta taso, ruwan ya gurɓace, ba mu ƙara ganin garken ba.

Sandar da na saya tare da injin kam ta yi ƙoƙari, ta lanƙwashe har na ɗauka za ta karye, ba ta karye ba. Da na dawo ma na so in bar maganar, in ce rabo ne, injin kuma ya ci gaba da aikinsa a Jabi. To amma na je shagon da shi a hannu, tsatsar na nan ana gani, sai yaron shagon ya ce wai ban wanke ba ne. Mai shagon ya fito ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ka san kifin Turawa ƙarfi gare shi." Wane kifin Turawa? Tafon na nan a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma, har lagun ɗin Legas, kuma wanda ya kafa tarihin duniya, mai kusan kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003. Gobe wani ɗan'uwa zai ɗauki injin nan ya tafi Epe da ke bakin lagun ɗin Legas da shi bisa wannan rubutun na jikin kwali.

Na ce ko a mayar mini da kuɗina, ko a canza mini da wanda yake a rufe da gaske. Ya ce zai kira wanda ya kawo musu kayan. Na bar injin a wurinsu da rasit, har yau ba a kira ni ba, kuma ranar Asabar da na wuce na ga sauran suna nan jere a kan kanta, da kwalinsu da rubutunsu.