Alƙalamin tabulet: kada yawan lamba ya ruɗe ka

Idan ka shiga kasuwar waya, ko Farm Centre ta Kano ko wata, za ka ga kwalin alƙalami an rubuta 4096 ko 8192. Wannan lamba tana nufin matakan nauyin hannu da alƙalamin ke iya bambancewa: ka danna layi ya yi kauri, ka sassauta ya sirance. Ga mai zane ko mai ƙawata haruffan Larabci da ajami, abu ne babba. Amma ɗalibin da ke bin malami da rubutu a aji, hannunsa ba zai gane bambancin 4096 da 8192 ba. Abin da zai dame shi daban ne.

Na farko, tafin hannu. Dole allon ya ƙyale hannunka idan ka jingina shi kana rubutu. Alƙaluman nan masu kan roba da ake sayarwa da araha yatsa kawai suke kwaikwayo, kana aza hannu shafi zai cika da ɗige-ɗige. Na biyu, jinkiri: shin tawadar tana bin bakin alƙalami nan take, ko tana biyo shi a baya? Allon 120Hz, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, ya fi na 60Hz santsi a nan.

Samsung ne ya fi kwanta mini a rai ga mai ɗaukar darasi. Alƙalaminsa, S Pen, yana da matakai 4096, kuma a cikin kwali yake zuwa tare da yawancin jerin Galaxy Tab S, har da masu sauƙin kuɗi irin S6 Lite da S9 FE. Fasahar kamfanin Wacom ce a cikinsa, daga allon yake samun ƙarfi, don haka rubutu ba ya buƙatar caji. Wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu ya san darajar wannan. Manhajar Samsung Notes kyauta ce, tana rubutu a kan PDF, tana naɗar murya tare da rubutun. Sai dai a kula, Galaxy Tab A9 ba ta karɓar S Pen.

Wajen Apple kuwa sai an buɗe ido. Alƙalamin daban ake sayensa, kuma iri huɗu ne. Na farko na 2015, na biyu na 2018 da Pencil Pro na 2024 duk suna jin nauyin hannu. Mai USB-C na 2023, wanda ya fito a dala 79, ba ya ji sam, karkatawa kawai yake ganewa. Rubutun aji zai yi lafiya lau da shi, amma mai son zane a manhajar Procreate zai yi da-na-sani. Kuma ba kowane alƙalami ke shiga kowace iPad ba: na biyu ba ya aiki da iPad Pro mai ƙwaƙwalwar M4.

Tabulet ɗin Surface na Microsoft ya dace da wanda aikinsa ke kan Windows da manhajar rubutu ta OneNote, sai dai alƙalaminsa ma kuɗi ne daban.

Idan na hannu za ka saya, buɗe shafi a gaban mai shago. Ja layi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa ka ga ko yana karkacewa ko yankewa, ka rubuta sunanka da hannu a jingine, sannan ka tambaya ko ana samun bakin alƙalamin na canji, domin yana cinyewa.