Sharhi a Kan Man Restor-A-Finish da Kakin Feed-N-Wax Wajen Farfaɗo da Tsofaffin Akwatunan Sifika

Kayan shafe guda biyu da na yi amfani da su, wato Restor-A-Finish da Feed-N-Wax, duka kamfanin Howard ne ke yin su a garin Paso Robles da ke jihar Kalifoniya a Amurka, kuma masu tara tsofaffin kayan sauti sun daɗe suna ambaton su a duk lokacin da aka zo maganar akwatin da katakonsa ya koɗe. Na farkon ruwa ne tsararo mai ɗan launi, wanda aikinsa shi ne ya ratsa tsohon folish ɗin da ke jikin katako ya tayar da shi ba tare da an kankare ba. Na biyun kuwa haɗin kakin zuma ne da kakin kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a arewa maso gabashin Birazil, da kuma man ɓawon lemu. Na gwada su a kan sifiku biyu ƙirar Pioneer HPM-100, kuma na dakata da rubuta wannan sharhi har sai da damina ta wuce hunturu ya shigo, domin abin da katako ke nunawa a ranar da aka shafe shi ba shi ne hukunci ba.

Sifikun na kawuna ne, tsohon ma'aikacin gwamnati a Kaduna, wanda ya saye su a ƙarshen shekarun 1970, zamanin da ƙarin albashin Udoji na 1974 da kuɗin man fetur suka cika falukan ma'aikata da kayan sautin Japan irin su Pioneer da Sansui da Akai. HPM-100 ta fito ne a 1976, bayan da Bart Locanthi, tsohon injiniyan kamfanin sifika na JBL, ya koma Pioneer, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da babbar sifika mai faɗin inci 12 da wasu ƙanana uku, nauyinta ya haura kilo 25. Sautinsu bai taɓa samun matsala ba. Jikinsu ne ya tsufa: gefen da ke kallon taga ya yi fari-fari, saman kowace ɗaya ya cika da zoben da gindin kofi da na gwangwanin furanni suka bari, ga kuma wani danƙo baƙi da ya taru a gefuna saboda shekarun da aka yi ana goge su da duk man da hannu ya kai gare shi.

Abin da ya kamata mai irin waɗannan akwatuna ya fara sani shi ne cewa ba gundarin katako ba ne. Jikin akwatin allo ne na matsattsen garin katako, sai aka manna masa siririn falle na itacen walnot a waje, kuma kaurin irin wannan falle yawanci bai wuce rabin milimita da ɗan kai ba, wato bai kai kaurin katin cire kuɗi na banki ba. Da na fara kai maganar wurin wani kafinta da ke yi mini aiki, abin da ya ce shi ne, "Alhaji, ka bar mini su kawai, in bi su da sanfefa in fesa musu folish, za ka ga fuskarka a jiki." Ba na shakkar cewa zan ga fuskata, amma injin sanfefa yana cinye wannan falle cikin ƙiftawar ido, musamman a kusurwa da baki-baki, kuma da zarar garin katakon da ke ƙasa ya leƙo to babu man da zai mayar da zanen itacen. Amfanin Restor-A-Finish mafi girma a wurina shi ne ya raba ni da sanfefa gaba ɗaya.

Akwai kuma binciken da ya wajaba kafin a kashe ko kwabo. Sifiku da yawa na wancan zamani, musamman masu araha, ba su da fallen itace ko kaɗan, leda ce aka buga wa hoton zanen katako aka liƙa. Har kamfani ɗaya yakan fitar da iri biyu, kamar yadda Advent ta Henry Kloss, wadda ta fito a 1969, take da mai walnot na gaske da kuma mai leda. Ana ganewa idan aka duba bayan akwatin inda fallen ya ƙare, ko kuma aka lura da zanen: na leda yana maimaita kansa, kuma ba shi da ƙananan ramukan da ake ji da farce a jikin itace. Leda ba ta shan mai, saboda haka wanda nasa na leda ne, ruwan sabulu da tsumma sun ishe shi.

Mafi yawan wahalar aikin a wanki take, kuma ina ganin rabin kyan da mutane ke jingina wa kwalbar daga wankin yake fitowa. Na cire ragar gaba na ajiye gefe, na ɗiga sabulun wanke kwanuka kaɗan a ruwan ɗumi, na riƙa tsoma tsumman auduga ina matsewa har sai ya daina ɗiga, ina gogewa ina bin bayansa da busasshen tsumma nan take. Ruwa shi ne babban abokin gabar matsattsen garin katako, domin idan ya sami kafa ta bakin falle ya shiga, allon yakan kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Danƙon da sabulu ya kasa ɗagawa, farin sifirit irin na masu fenti ne ya narkar da shi, tsumma bayan tsumma yana fitowa baƙi ƙirin da warin tsohon mai. Ban yi amfani da tina ba, domin tana narkar da folish ɗin da nake ƙoƙarin ceto. A nan zan ja kunnen masu shafa wa katako man gyaɗa ko man girki, domin waɗannan ba sa bushewa, sai dai su yi tsami su riƙe ƙura. Feshin goge kujeru mai silikon shi ma yana barin wani santsi da ke hana sabon folish zama daidai idan wata rana aka so sabunta aikin.

Kamfanin Howard ya ba da shawarar a shafa man Restor-A-Finish da tsumma idan lalacewar kaɗan ce, idan kuma akwai zobe ko ƙarzuwa a yi amfani da soson ƙarfe mai lamba 0000, wanda shi ne mafi laushi, yana kama da auduga a hannu, kuma ba shi da alaƙa da wanda ake wanke tukunya da shi. Sai dai ga sifika akwai haɗarin da babu shi ga teburi ko kabad. Soson yana zubar da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe, kowace sifika mai motsi kuma tana da maganaɗisu mai ƙarfi a bayanta, wanda zai janyo ɓurɓushin ya kai shi cikin siririyar kafar da murɗaɗɗiyar wayar sauti ke kaiwa da komowa a ciki, daga nan sai a fara jin ƙarar gurzawa da ba ta da magani sai an buɗe. Hanya mafi aminci ita ce a kwance sukurorin a fitar da sifikun daga akwatin a kai su wani ɗaki, bayan an ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Ni ban so in taɓa wayoyin da suka shekara arba'in da ɗoriya a wurinsu ba, saboda haka na rufe fuskar akwatin gaba ɗaya da kwali da leda, na liƙe bakin da salatif ɗin takarda, har da ramin fitar iska, sannan bayan kammalawa na share ɓurɓushin sarai kafin in ɓare murfin.

Man yana zuwa da launi tara, daga marar launi har zuwa mai duhu sosai, kuma na zaɓi wanda aka rubuta wa Walnut a maimakon Dark Walnut, domin ƙara duhu daga baya ya fi sauƙi a kan rage shi. Na fara gwadawa a ƙasan gefen baya inda ido ba ya kaiwa. Yadda ake yi shi ne a jiƙa soson kaɗan, a goga a hankali ana bin tsawon zanen itacen, kada a gitta shi, sannan a share da busasshen tsumma nan da nan ba tare da an bar shi ya kwanta ba. A gefen da rana ta cinye ne na fi ganin aikinsa. Walnot, saɓanin wasu itatuwa da ke ƙara duhu da tsufa, haske yake yi idan rana ta daɗe tana dukansa, har ya koma ruwan ƙasa mai fatsi-fatsi. Shafa ɗaya ta farko sai ga jijiyoyin itacen sun fito, baƙaƙen layuka masu lanƙwasa da na ɗauka sun ɓace, kuma iyakar da ke tsakanin inda na shafa da inda ban kai ba ta fito ƙarara har na tsaya na kira mutanen gida su gani. Ƙananan ƙarzuwar farce da ta makulli sun nutse cikin launin, ko da yake idan aka shafa yatsa ana jin su, domin man ya ɓoye su ne, bai cike su ba.

Batun zoben kofi ya kasu biyu, kuma sanin bambancin zai hana mutum zargin kwalbar da abin da ba ta yi alkawari ba. Farin zobe danshi ne da ya maƙale a cikin folish bai kai ga itace ba, kuma waɗannan sun tafi duka bayan ɗan gogawa da soson. Baƙin zobe kuwa alama ce ta cewa ruwa ya ratsa har cikin itacen, ya haɗu da ƙarfe, kamar tsatsar gindin gwangwani, da kuma sinadarin tanin da ke cikin walnot, suka rina shi daga ciki. Ina da irin wannan guda ɗaya a saman sifikar hagu, kuma yana nan, sai dai ya rage fitowa saboda kewayensa ya yi duhu. Masu gyaran kayan katako suna cire irinsa da sinadarin oksalik bayan sun cire folish ɗin wurin, aikin da ya wuce abin da na shirya yi.

Bayan kimanin rabin awa, kamar yadda umarnin ya nuna, na bi da Feed-N-Wax. Kauri gare shi kamar kunun da ya huce, launinsa ruwan ɗorawa, kuma ƙamshin lemunsa ya kori warin man farko, wanda yake da ƙarfi ƙwarai har ya sa dole a yi aikin a baranda ko a buɗe tagogi duka, nesa da wuta. Ana shafa shi da yalwa, a bar shi aƙalla minti 20, sannan a goge da tsumma mai tsabta har sai yatsa ya daina barin shaida. Abin da ya bayar ba ƙyalli ba ne irin na fesawa, wani laushin sheƙi ne da ya dace da kayan wancan zamani, kuma shi na fi so. Wanda ya yi ganganci ya bar kakin da yawa a jiki zai gane kurensa a hunturu, domin ƙura za ta manne ta yi masa rufi.

Hunturun ne ya nuna mini iyakar kayan. A damina akwatunan sun riƙe kyansu ba tare da na sake taɓa su ba, amma da iska ta bushe, sai gefen da ya fi lalacewa tun farko ya fara nuna ƙishi, ya ɗan dusashe, har sai da na sake bin sa da kakin. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin kaki da mai irin wannan ba sa daskarewa su zama sabon rufi mai tauri, kuma Restor-A-Finish yana aiki ne da abin da ya rage na tsohon folish. Inda folish ya ɓare gaba ɗaya itace ya fito tsirara, abin da ake buƙata mai ne mai bushewa, irin dafaffen man linsid na masu fenti da aka sirka da tafentin, wato ruwan tsinka fenti, wanda da shi ake kula da akwatunan walnot masu shafen mai irin JBL L100 ta 1970. Mai yin amfani da linsid ya kula da tsummokaransa, domin idan aka dunƙule su aka jefa a kwando suna iya yin zafi su kama wuta da kansu, don haka a shanya su a buɗe ko a nutsa su a ruwa. Kamfanin Howard da kansa ya yi gargaɗin kada a shafa folish na foliyuretan a kan Restor-A-Finish, saboda haka wanda ke da niyyar fesa sabon rufi nan gaba ya yanke shawara tun kafin ya buɗe kwalbar.

Samun kayan a nan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da yake Restor-A-Finish ruwa ne mai kama wuta, ba a yarda fasinja ya sako shi a jakar jirgin sama ba, sai na bi ta hannun wani mai jigilar kaya ta ruwa zuwa Legas, wanda ya riƙe ni da alkawari har na fid da rai, kuma kuɗin dakon ya zarce kuɗin kayan. Sauƙin abin shi ne ba ya ci da yawa: ƙaramar kwalba mai mililita 236 ta gama akwatuna biyun, kuma fiye da rabinta yana nan, don haka mutum biyu ko uku masu irin wannan sha'awa za su iya haɗa kuɗi su raba. Ga wanda akwatunansa ke da fallen itace na gaske, folish ɗinsu ya koɗe amma bai ɓare ba, ina ba da shawarar kayan biyu tare, ba ɗaya ba. Wanda fallensa ya ɗaga ko ya guntule a kusurwa kuwa, sai ya fara da farin gam na kafinta da abin matsewa, ya bar shi ya kwana ya kama sosai, domin idan mai ya riga ya shiga ƙarƙashin fallen, gam ba zai ƙara riƙe shi ba.