Yawon kwale-kwale a kogin Isa na Yamai: wanda ya dace a hau da lokacin hawa

Masu kwale-kwalen da ke jira a ƙarƙashin gadar Kennedy da bakin Gamkale suna ɗaukar mutum yawon kogi, kuma yawon ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ingancinsa ya rataya ne a kan watan da aka hau da matuƙi, kuma batun kariya yana da rauni ƙwarai.

Kogin Isa, wanda a Najeriya ake kira Kwara, yana cika sau 2 a shekara a Yamai. Jan ruwa yana zuwa a Agusta da Satumba, daga ruwan saman da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa haɗe da jar laka. Yana da ƙarfi, yana tafe da itace da shara, shi ne ya kai santimita 700 a ma'aunin tsayin ruwa a Satumban 2020 ya cinye unguwanni. Kada a hau a lokacin. Cika ta biyu ruwan ƙasar Gini ne, wanda ke yin watanni a fadamun Mali kafin ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu. Ruwan ya kwanta, ga sanyi, ga tsuntsayen da suka gudo daga hunturun Turai. Wannan ne lokacin yawo. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa rairayi ke fitowa tsakiyar kogi, jirgin inji ya riƙa kafewa, farfela ta riƙa cin yashi. A Yunin 1985 ma kogin tsayawa ya yi cak a Yamai saboda fari.

Jirgin inji ya fi sauri, amma ƙararsa na tashin tsuntsaye tun daga nesa, kuma baƙuwar ciyawar nan mai shawagi kamar kainuwa tana naɗe farfelarsa. Mai son ganin halittu ya nemi kwale-kwalen filafili, matuƙinsa kuma ya kasance masunci, Basarke in da hali. Shi ya san inda dorina ta kwana, ya san ramin giwan ruwa da maɓoyar tarwaɗa. A tashi da ƙarfe 6 da rabi na safe. Cikin awa 2 za a ga balbela da zalɓe da garken kirinjijiya a bakin gonakin shinkafa, da masu jefa birgi. Ayu kuwa kada wani ya yi maka alkawarinsa, ya yi ƙaranci kuma ba ya son motsi.

Dorina ce ke jan yawancin mutane, kuma nan ne ake kuskure. Babba tana kai tan 1 da rabi, tana iya yin minti 5 a nitse, don haka inda ka ga ta nutsa ba nan za ta ɓullo ba. Buɗe bakin da take yi kamar hamma gargaɗi ne. Matuƙin kirki yana barin tazara mai yawa, yana buga gefen jirgi don ta san da zuwansa, ba ya shiga tsakaninta da zurfin ruwa, ba ya kusantar mai ɗa. Wanda ya ce zai matsa da kai don hoto, ka ce masa ya juya. A 2014 dorina ta kifar da jirgi kusa da Libore, a gefen Yamai, yara 'yan makaranta fiye da 10 suka rasu.

Ta fuskar tarihi sabis ɗin bai cika ba, don yawancin matuƙa ba sa bayani sai an tambaya. A tambaya. Daga ruwa ake gane cewa Yamai ƙauyukan bakin kogi ce, irin su Gudel da Gamkale da Saga, kafin Faransawa su ɗauko babban birni daga Damagaram a 1926. Harobanda, unguwar da ke hayin kogi, ba ta haɗu da gari ta gada ba sai da aka buɗe gadar Kennedy a 1970. Gada ta biyu ta zo a 2011, ta uku a 2021.

Kafin a taka jirgi a gama ciniki: awa nawa, ina za a juya, kuɗin na jirgi ne ko na kowane kai, man inji na ciki ko a'a. Rigar kariya ba kasafai ake samu ba, mai yara ya zo da tasa. A duba cikin jirgi. Ɗan ruwan da ake kwarfewa ba komai, amma in yana tsattsafowa ta haɗin katako a nemi wani. Kada a yi wanka ko a tsoma ƙafa a ruwan gefe saboda tsargiya. Kada a ɗauki hoton gadoji ko fadar shugaban ƙasa. Masu tayin kai mutum Bubon ko Ayoru, inda dorina ta fi yawa, a fara tambayar halin tsaron yankin Tilaberi kafin a amsa musu.